Yadda Muniru Abusua Ya Je Neman Aure

Idan ka shiga unguwar Alabar a Kumasi ka tambayi Muniru, za a ce maka wane Munirun, don suna da yawa. Amma idan ka ce Muniru Abusua, ko mai tallar koko za ta nuna maka rumfar da yake zaune, tana murmushi tun kafin ka juya baya. Sunan nan ba a yanka masa rago ba. A wurin makoki ya samo shi, wata Asabar, a wani ƙauye bayan Ofinso.

Uwar Papa Kofi Manu ce ta rasu. Shi Kofi Manu manomi ne, Batone, wato mutumin Asante, wanda ya daɗe yana kawo wa 'yan Zango, unguwar Hausawa, goro daga gonarsa, don haka ya zama dole masu goron Alabar su yi ayari su je gaisuwa. Buraima tela ma ya bi su. Ba ya sayar da goro, amma ba a taro a Kumasi ba tare da shi ba, ga shi ya iya Tonanci kamar a nono ya sha. Tun a cikin mota yake yi wa Muniru karatu, don abokinsa ne tun suna samari, ya kuma san halinsa: da zarar mutane sun ɗan yi yawa a wuri, harshen Muniru sai ya koma ciki ya ja ƙofa.

"Ka ji ko," in ji Buraima, "Tonawa ba sa gaisuwa barkatai irin tamu. Daga dama ake farawa, a bi layi a zagaya. Kowa ka kama hannunsa. Kada ka tsallake ko mutum ɗaya, zagi ne a wurinsu. Ba sai ka ce komai ba, kai dai miƙa hannu."

Wannan "ba sai ka ce komai ba" ta yi wa Muniru daɗi ƙwarai, ya riƙe ta kamar guzuri.

Da suka isa, ga fili maƙil da jama'a, jajayen zannuwa da baƙaƙe ko'ina, an kakkafa rumfunan ganyen kwakwa, ganguna na tashi, tsofaffin mata na rera kuka. Muniru ya sauko daga mota. Ya shiga ƙarshen layin 'yan Zango, ya kafa idonsa a ƙasa, ya miƙa hannu. Wani hannu ya kama nasa ya saki, wani ya kama. Ya ga abin yana tafiya daidai, sai ya ƙudura a ransa ba zai ɗaga kai ba har a gama.

Abin da bai gani ba, 'yan ayarinsa sun gama da layin masu makoki, an nuna musu benci sun zauna. Shi kuwa ya ci gaba. Ya gaisa da baƙin da suka zo daga wasu ƙauyuka, ya gaisa da 'yan coci, ya gaisa da matar da ke rabon ruwa har sai da ta ajiye ƙwaryarta, ya kama hannun makaɗi yana tsakiyar kiɗa. Ganga ta yi shiru, masu rawa suka tsaya suna waige. Shi dai an ce kada ya tsallake kowa.

To, al'adar Tonawa ce in baƙi sun gaisa sun zauna, masu gida su tashi su jeru su zo su mayar da gaisuwa. Kofi Manu da danginsa suka miƙe, suka gyara zannuwa a kafaɗa, suka ɗauko hanya, daidai lokacin da Muniru ya gama zagaye fili ya faɗo gabansu. Haka aka iso bencin 'yan Zango: Muniru a gaba da farar riga da hula, kai a sunkuye, dangin mamaciya jere a bayansa. Ya kama hannun dillalai ɗaya bayan ɗaya, ya kama na maigidan da yake wa aiki, ya kama na Buraima. Buraima ya riƙe hannun gam, ya gyara murya ya ce, "Sannunku da rashi. Allah Ya ba ku haƙuri."

Sai a nan Muniru ya ɗaga kai.

An ce Kofi Manu, da yake kuka tun safe, sai da ya riƙe ciki don dariya. Ya dafa kafaɗar Muniru ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Uwana ya mutu, amma ya bar mini ƙane a Zango. Wannan abusua ne!" Wato ɗan dangi. Kafin motar ta dawo Kumasi sunan ya riga ta isa.

Muniru haifaffen Salaga ne. Ya sauko Kumasi da wansa Yusif tun kafin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, suka kama ɗaki a unguwar Asawase, suka shiga aikin goro a gidan wani maigida a Alabar. Yusif ya zama bakinsu su biyun. Shi ke ciniki, shi ke rigima da masu mota, shi ke gaishe da mutane a madadin ƙanensa. Har auren Muniru da Lariba, Yusif ne ya yi magana daga farko har ƙarshe, Muniru na bayan ɗaki yana gyaran wani kwando da ba abin da ya same shi. Lariba takan ce ta yi wata guda a gidan kafin ta tabbata mijinta ba kurma ba ne.

Ba girman kai ba ne, ba kuma ƙin mutane ba. Yana son mutane, amma ɗaya-ɗaya. In suka taru suka juyo masa da idanu, sai ya ji zuciyarsa na dukan haƙarƙari, tafin hannu ya jiƙe, sunan ubansa ma in an tambaye shi sai ya yi lalube. A masallaci sahun baya yake, jikin bango, ana sallamewa ya nemi takalmi. In ana suna a unguwa, goronsa ne ya fi na kowa kyau, amma aikowa yake, shi kuwa sai an naɗe tabarmi ya leƙo ya yi barka. Akwai wata inuwa a kan hanyarsa inda 'yan dara ke zama tun hantsi. Shekara da shekaru yana bin wani lungu mai kwata don kada ya ratsa ta gabansu, har kajin lungun suka san shi.

A rumfar goro kuwa wani mutum ne daban. Aikinsa zaɓe da ɗauri. Goro ya zo daga daji a kwanduna, a wanke, a sha iska a inuwa, sannan a zube gaban Muniru. Ya ware fari daga ja, babba daga ƙarami, ya juya kowanne a yatsa ya duba ko sankara ta huda shi, don guda ɗaya mai tsutsa na iya ɓata huhun goro gaba ɗaya kafin ya kai Ikko. Sai ya shimfiɗa ganye, ya jera, ya yayyafa ruwa, ya rufe, ya ja igiya. In ka zauna a gefensa yana wannan aiki, idonsa kan goro, zai ba ka labarin Salaga, da rijiyoyinta, da yadda wani jaki ya taɓa cinye masa hula, har ka manta da abin da ya kawo ka. Amma ka bari ya gama ya kakkaɓe hannu ya dube ka, sai labari ya ƙare nan take, ko da jakin bai gama tauna ba.

Da zazzaɓi ya ɗauke Yusif, ya bar ɗa guda, Sumana, ba a daɗe da yaye shi ba, uwarsa ma ba ta jima ba ta bi. Muniru da Lariba, da Allah bai ba su nasu ba, suka ɗauke shi. Ya tashi a hannunsu ya zama dogon saurayi mai dariya da ƙarfi, ya bi mota yana yaro, har ya zama direban babbar mota tsakanin Kumasi da Tamale. Bakin ubansa ya gado. Muniru kan dube shi yana ciniki da fasinja ya ji daɗi, ya ce a ransa Allah Ya mayar wa gidan da bakinsa.

Ana nan wata rana da hantsi, a shekarar da aka samu 'yancin kai aka canza wa ƙasa suna, Sumana ya zo rumfa ya durƙusa, abin da ba ya yi sai da dalili. Kowa a Asawase ya san yana son Safura, 'yar Alhaji Gariba mai shagon yadi, ita ma tana son sa. Gidan Alhaji kuwa tsohon gida ne a Alabar, kakanninsa fatake ne daga Kano, suna ji da asalinsu.

"Baba," in ji Sumana, "Alhaji ya ce in turo manyana."

"Madalla," in ji Muniru, hannunsa na cikin goro. "Sai a gaya wa Buraima."

"Ya ce ban da Baba Buraima."

Hannun ya tsaya.

"Ya ce Baba Buraima ya zo in yana so, amma ya rufe baki. Wai shi ya nema wa rabin Zango aure, kuma duk yaron da ya kawo sai ya rantse ba a taɓa haihuwar irinsa ba. Ya ce shi ba ya ƙi na, amma ƙannensa suna ta cewa direba ne, yau nan gobe can, ba a san tushensa ba. Wanda ya raine ni suke so su ji, Baba, da bakinsa, a gabansu duka. Juma'ar da za a shiga azumi, bayan la'asar."

"In ban... in ba a je ba fa?"

Sumana ya sunkuyar da kai. "Akwai ɗan wani mai shago a kasuwar Kejetiya. Iyayensa sun fara zuwa gaisuwa."

Muniru ya daɗe yana kallon wani farin goro a tafin hannunsa. Yaron nan tun da ya yi wayo bai taɓa roƙonsa komai ba, ko takalmin sallah. Ya ce, "To." Daga nan bai ƙara sanin abin da ya zaɓa a ranar ba, har maigidansa ya tsinci ja a cikin fari, ya tambaya ko lafiya.

Buraima, da aka gaya masa an hana shi magana, ya yi fushi na gaske, sannan ya huce ya ce ai ba a hana shi koyarwa ba. Ya tsara wa Muniru jawabi mai tsawo, da Larabci a kai da Larabci a gindi, da kirarin gidan Alhaji tun daga kakan kakansa. Kullum da rana Muniru ya shiga ɗakin ajiya ya ja ƙofa, ya tsaya gaban huhunan goro ya karanta musu. Yana yi sarai kuwa. Huhunan ba su taɓa hana shi yarinyar ba. Amma ranar da Buraima ya tara masu ɗinki na shagonsa ya ce a gwada da mutane, Muniru ya kai "Bayan gaisuwa" ya tsaya, ya sake "Bayan gaisuwa", sannan ya tambaya ina ake kama ruwa a nan.

Lariba ta bari sai da ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan ta jawo kujera.

"Malam, wannan karatun na Buraima rigarsa ce, ta yi maka yawa. Kai ba magana ce ba ka da ita ba. Idanu ne ba ka saba da su ba."

"To idanun zan ce su rufe?"

"A'a, sabawa za ka yi, kaɗan-kaɗan, yadda ake saba wa yaro da yaji. Gobe ba lungu. Ta gaban 'yan dara za ka bi, ka yi musu sallama. Sallama kawai, ban ce ka zauna ba."

"Lariba, mutanen nan ba su da aiki sai kallo."

"Shi ya sa na zaɓe su. Kyauta za su yi maka."

Washegari ya bi ta gabansu kamar wanda ruwa ya biyo, ya yi sallamar bayan ya wuce su da nisa, wata akuya ce ta ji. Da ya dawo ya ba Lariba labari, ta ce an fara. Rana ta gaba ya yi ta daidai wurin, a hankali dai, amma aka ji. 'Yan dara suka ɗago gaba ɗaya. "A'a! Abusua! Yau an toshe lungu ne?" Kunnuwansa suka yi zafi, ƙafafunsa suka ce a gudu, amma ya isa rumfa ya duba jikinsa ya ga ba abin da ya ragu. Kafin mako ya zagayo har yana tsayawa ya tambayi wa ke ci, sau ɗaya ma ya nuna wa wani inda zai sa ɗan dararsa, aka cinye mutumin, aka ce laifin Abusua ne.

Sannan ta shiga aikensa. Yau ta ce ya kai wa ƙanen Alhaji na farko, mai sayar da fata, ɗan goron gaisuwa. Gobe ta ce ya bi ta shagon na biyun ya tambayo mata kuɗin wani zane da ba ta da niyyar saye. "Ka san fuskokinsu ɗaya-ɗaya," in ji ta, "don in sun taru ka ga mutanen da ka sani, ba jama'a ba." Ya je, ya yi gumi, ya dawo. Ya gano mai fatar yana fama da ciwon haƙori, na biyun kuwa yana in'ina in ya yi fushi. Wannan ya ɗan kwantar masa da hankali fiye da duk Larabcin Buraima.

Ranar Juma'a da safe ya miƙa hannu aljihu, ya ji wayam. Lariba ta kwashe goron da yake ci.

"Yau ba goro," in ji ta. "In ka ci hannunka rawa yake, zuciyarka ta yi ta gudu. Ga koko."

"Mai goro ba goro? A ji a Zango?"

"Ba wanda zai ji sai in ka faɗa, kai kuwa ba faɗa kake ba. Kuma kada ka hau mota, ka taka da ƙafa, tsoron ya gaji kafin ka isa. In ka ji abin ya taso, ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali, kamar mai hura garwashi, ba kamar wanda kare ya koro ba."

Bayan la'asar ya sa rigarsa ta sallah, ya ɗauki ƙunshin goron da ya zaɓa da hannunsa, fari gefe ja gefe, kowanne kamar an wanke shi da madara. Suka taka shi da Buraima daga Asawase, suka bi ta Manhyia, suka gangara Alabar. Buraima na ta magana duk hanya, wai yana rage wadda za a hana shi. Muniru na hura garwashinsa. Sumana kuwa an bar shi a gida yana wanke motar da ya riga ya wanke.

Zauren Alhaji ya fi yadda aka zata cika. Ga Alhaji Gariba a kan buzu, ga ƙannensa, ga liman, ga maƙwabta da suka ji Abusua zai yi magana suka ce ba za a ba su labari ba. Aka yi sallama, aka gaisa, aka yi addu'a. Ɗaya daga cikin ƙannen, mai fatar nan, ya karɓi ƙunshin ya kwance ya juye a faranti, ya ajiye tsakiya.

"Malam Muniru," in ji Alhaji, "muna saurare."

Idanu suka juyo. Jawabin Buraima ya tashi gaba ɗaya, da Larabcinsa da kirarinsa, ko gashin fiffike bai bari ba. Muniru ya buɗe baki, iska ta fito. Ya ji gumi na gangara ta bayan kunne. Wani daga baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Buraima na gefe yana motsa leɓe kamar mai tauna magana, ya cika alkawari da ƙyar.

Muniru ya ja numfashi, ya sake. Ya sake ja. Idonsa ya sauka ƙasa, inda ya saba sauka, sai ya faɗa kan farantin. Mai fata ya juye goron ne yadda ake juye tsakuwa, fari ya cakuɗe da ja, ganyen an yar gefe, ga wani tsinin rana ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kai. Wannan kam ko a gaban wa ye Muniru ba zai iya gani ya ƙyale ba. Hannunsa ya tafi da kansa, ya jawo farantin inuwa, ya ɗauko ganye ya shimfiɗa, ya fara warewa.

"Yaron nan," in ji shi, idonsa kan goro, "da aka kawo mini shi, ko wando bai iya sa wa kansa ba."

Kowa ya kasa kunne.

"Ɗan wana ne, Yusif. Wasunku sun san shi, kun yi ciniki. Mu mutanen Salaga ne, uban namu majemi ne, ba mu gaji sarauta ba, ba mu gaji bene ba. Sumana yana da saurin fushi, gara in faɗa muku tun yanzu, amma ba ya kwana da shi. Yana da nauyin barci, sai an buga ƙofa. Yana cin yaji kamar ba shi da hanji, wadda za ta dafa masa ta shirya. Da uwar riƙonsa ta kwanta ciwo bara, ya ajiye mota ya zauna yana ɗebo mata ruwa a famfo a cikin mata, ana yi masa dariya, bai fasa ba har ta tashi."

Fari na taruwa a dama, ja a hagu. Ƙanen Alhaji na biyu ya gyara zama ya ce, "Amma di-direba ne. Yau Tamale, gobe wani wuri. Mace ta zauna da wa?"

"Da mu," in ji Muniru, ya juya wani goro ya duba ya ajiye. "Ɗakinsu na jikin namu. In ya yi tafiya, Lariba na nan, ni ma ina nan, ba na zuwa ko'ina, kowa ya shaida. Kuma tun da ya fara tuƙi bai taɓa wuce ranar da ya ce zai dawo ba, sai sau ɗaya da gada ta karye, shi ma ya aiko. Abin da nake da shi na ba shi. Bai kwana da yunwa ba a gidana. Bai taɓa jin na yi ƙarya ba, ko da yake ban cika magana ba balle a kama ni."

Zauren ya fashe da dariya, har liman. Dariyar ta firgita Muniru, goro ɗaya ya kuɓuce ya gangara, mai fata ya tare ya miƙo masa, ya kuma sa shi a gefen da ya dace. Muniru ya jera na ƙarshe, ya rufe da ganye, ya tura farantin gaban Alhaji. Ya goge hannu a gwiwa. Aiki ya ƙare, magana ta ƙare, ya fara laluben takalmi da ido.

"Malam Muniru," in ji Alhaji Gariba, yana shafa gemu don ya ɓoye bakinsa, "mun ji halin yaro, goro ma ya gyaru, mun gode. Amma har yanzu ba ka faɗa mana abin da ya kawo ka ba."

Buraima ya yi wani nishi kamar an taka shi.

Ga hannu wayam, ba sauran abin warewa. Zuciyar ta dawo da dukanta, sabuwa fil. Muniru ya tuna Sumana can gida da tsumma a hannu, yana goge abin da ba datti. Ya ja numfashi ya sake shi a hankali. Sannan ya ɗaga kai, bai dubi zaure ba, ya nemi fuskar Alhaji ita kaɗai, tsoho mai furfura da ɗan tabo a goshi, mutum guda kamar kowa.

"Safura muka zo roƙo, Alhaji," in ji shi. "Wa ɗana Sumana. Don Allah a ba mu."

Alhaji ya dubi ƙannensa. Mai fata ya gyaɗa kai, na biyun ya ɗan jinkirta don kada a ce bai yi tunani ba, sannan shi ma ya gyaɗa.

"Mun ba ku," in ji Alhaji. "Liman, a shafa fatiha."

A hanyar komawa Buraima ya yi ta mita, wai an bar jawabi mai kyau ya lalace, wai wane irin mai neman aure ne zai fara da cewa yaronsa na da nauyin barci. Muniru kuwa ya ratse gefen hanya. Ya roƙi goro guda a wurin wani mai tebur, ya ɓare, ya ci rabi a tsaye. Da suka shiga gida Sumana ya dubi fuskarsa, bai iya karanta komai ba, ya dubi Buraima, Buraima ya buɗe baki, Lariba ta ɗaga masa hannu.

"Bar shi ya faɗa da kansa."

"An ba mu," in ji Muniru, ya shige ɗaki ya kwanta da rigar sallarsa, bai tashi ba sai da aka kira magariba.

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar sallah. Kada wani ya ce daga nan Muniru ya zama mai baki, bai zama ba. Har yanzu sahun baya yake, har yanzu in an ce ya yi addu'a a taro sai ya ce liman ya fi shi. Amma ya bar wa kaji lungunsu. Yakan zo suna tun ba a naɗe tabarmi ba, ya samu gefe ya zauna, ya jawo farantin goron masu gida yana gyarawa, duk wanda ya matso kusa ya sha labari. Safura ta gane shi tun makon farko. In tana son hira da surukinta sai ta kawo wake a tire ta ce, "Baba, taya ni tsince," su yi ta yi har waken ya fi na kowa tsabta a Asawase.

Buraima dai bai gaji da labarin Ofinso ba. Duk baƙon da ya sauka a rumfa sai ya ba shi, kullum da ƙari, har filin ya kai girman Kejetiya. Wata rana ya gama ba wasu fatake daga Yendi, suna ta riƙe ciki, ya juyo ya ce, "Abusua, don Allah gaya mini gaskiya yau. Na ji mai ruwa, na ji 'yan coci. Amma makaɗin nan, mutum na tsakiyar aikinsa, me ya kai ka kama hannunsa?"

Muniru ya juya wani jan goro a yatsa, ya duba, ya ajiye shi cikin 'yan'uwansa.

"Kai ka ce kada in tsallake kowa," in ji shi. "Kuma duk filin nan shi kaɗai ya ce mini ya gode. Tun safe bawan Allah yake duka, ba wanda ya bar shi ya huta sai ni."